Yadda za ka kunna gargaɗin gcc ka kuma gane furototif, ga mai fara koyon C

Daren Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a fada nan Sabon Gari bayan isha'i, shayi na kan wuta ko na farko ba a zuba ba, sai ga ƙanena da ordinata a hammata rai a ɓace. Shekarar farko yake a jami'a, an ba su dabuwar a yaren C, su rubuta ɗan furogaram da zai lissafa muwayen ɗin not biyu. Ya ce "Yaya dan Allah duba min, 12 da 15 na ba shi, 13.50 ya kamata ya fito amma wani adadi yake ba ni da ko kusa bai yi ba, kuma babu erar ko ɗaya." Na ce to gargaɗi fa? Ya ce wane gargaɗi kuma, ai abin ya kwampile lafiya lau. Nan na gane inda matsalar take tun kafin ma na ga kod ɗin, domin yaren C haka yake, kwampilata, wato manhajar da ke fassara kod ɗinka irin su gcc, zai ga ka nufi rami ya yi shiru abinsa idan ba kai ka ce masa ya yi magana ba. Abin da na nuna masa a daren nan shi zan rubuta, saboda na san ba shi kaɗai ba ne, daga Birni har Garin Malam akwai yara maza da mata da ke wannan faman suna zaton kansu ne ba ya ja, alhali ba haka ba ne sam.

Ga abin da ya rubuta. Fishiye biyu ne, na farko main.c:

```c
#include <stdio.h>

int main(void)
{
    double m = muwayen(12, 15);
    printf("muwayen = %.2f\n", m);
    return 0;
}
```

na biyu kuma lissafi.c:

```c
double muwayen(double a, double b)
{
    return (a + b) / 2;
}
```

Idan ka duba da ido babu laifi a lissafin ko kaɗan. Laifin shi ne lokacin da kwampilata ke karanta main.c bai san da zaman lissafi.c ba kwata-kwata, kowane fishiye shi kaɗai ake fassara shi, daga sama zuwa ƙasa, sai daga baya a ɗinke su. To da ya iso kan kalmar muwayen bai taɓa jin sunan ba, kuma a tsohuwar ƙa'idar C idan haka ta faru sai ya yi zato kawai, ya ɗauka fonksiyon ne mai dawo da int, wato cikakken adadi marar waƙafi, ya kuma tura 12 da 15 yadda ya gan su a matsayin int. A ordinata mai bit 64 irin wadda yawancinmu ke riƙe da ita, wurin da ake ajiye int daban, wurin da ake ajiye double, wato adadi mai waƙafi irin 13.50, daban a cikin furosesa. Kamar ka je tasha ka ba direban Mirriya saƙo ya jefa a but, shi kuma mai karɓa an ce masa yana ƙarƙashin kujerar gaba, ya sa hannu ya ɗauki duk abin da ya tarar ya tafi da shi. Haka aka yi wajen zuwa, haka aka sake yi wajen dawowa da amsa. Akwai ma wata alama da na nuna masa, duk adadin da ke fitowa ƙarshensa .00 ne, saboda int aka ɗauko aka mayar double, ba yadda za a yi .50 ta fito.

Maganin layi ɗaya ne tak, shi ake ce wa furototif:

```c
double muwayen(double a, double b);
```

Wato ka gabatar da fonksiyon ɗin kafin ka kira shi, ga sunansa, ga abin da yake karɓa guda nawa kuma wane iri, ga abin da zai dawo da shi. Kan fonksiyon ne kawai babu jiki, a rufe da aya mai wutsiya. Da zarar kwampilata ya ga wannan layin shi da kansa zai mayar da 12 ta zama 12.0 kafin ya tura, kuma in ka manta ka ba shi not ɗaya maimakon biyu zai tsayar da kai nan take. Sunayen a da b ba dole ba ne, `double muwayen(double, double);` ma ya wadatar, amma ni ina son a riƙa sa su, gobe kai da kanka za ka gode.

Kar dai ka kwafe layin da hannu ka manna a kowane fishiye. Yi fishiye na uku, lissafi.h:

```c
#ifndef LISSAFI_H
#define LISSAFI_H

double muwayen(double a, double b);

#endif
```

sannan ka sa `#include "lissafi.h"` a saman main.c da kuma saman lissafi.c, dukansu biyun. Mutane da yawa suna sa shi a main.c kawai su ce ai lissafi.c ya san kansa. Ka sa shi can ɗin ma, dalili kuwa ranar da ka canza fonksiyon ɗin ya koma karɓar not uku ka manta ba ka gyara .h ba, kwampilata zai ga furototif da jiki sun saɓa a fishiye ɗaya ya faɗa maka, in ba haka ba ka koma gidan jiya. Kuma wannan `#include <stdio.h>` da kake rubutawa tun ranar farko kamar bisimilla, ainihin aikinsa kenan, furototif ɗin printf da scanf da ƴan uwansu ne a ciki. Haka stdlib.h ga malloc da atoi, string.h ga strlen da strcpy, math.h ga sqrt.

Ƙanen nawa ya ce to Yaya me ya sa tun farko bai hana ni ba? Tambaya ce mai kyau wallahi kuma amsarta tarihi ne. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs can Amurka wajen 1972, kuma a lokacin babu furototif a yaren baki ɗaya. Sai a ƙa'idar 1989 wadda ake kira C89 aka shigo da shi, daga C++ aka aro, amma aka bar tsohuwar hanyar don kar kod ɗin mutane ya lalace. C99 ce ta ce zaton nan ya haramta, duk da haka gcc ya ci gaba da bari yana wucewa da gargaɗi kawai har shekaru da yawa, sai wani kwampilatan, clang 16, a 2023 da gcc 14 a 2024 suka mayar da shi erar ta gaske. Ƙanen nawa kuma Dev-C++ 5.11 yake amfani da shi, wata manhajar rubuta kod, wanda yara ke ba juna a kile, kuma da gcc 4.9.2 yake zuwa, wanda in ba ka ce komai ba a ƙa'idar 1989 yake aiki, a can kuwa ko gargaɗin ba zai ba ka ba sai ka nema. Wannan ne ma ya sa in ka rubuta `for (int i = 0; ...` a cikinsa yake ƙi. Shi ya sa kod ɗaya zai wuce a ordinatarka shiru, abokinka mai sabon Linux kuma ya ƙi kwampile masa sam, ku zauna kuna gardamar wa ke da gaskiya. Fara da buga `gcc --version` ka san wanda kake tare da shi.

Yanzu kunna gargaɗin. Ga layin da nake so ya zame maka jiki:

```
gcc -std=c17 -Wall -Wextra -Wpedantic -Wstrict-prototypes -Wmissing-prototypes -g main.c lissafi.c -o muwayen
```

Idan gcc ɗinka bai kai 8 ba bai san c17 ba, sa `-std=c11`. A Dev-C++ ka shiga Outils, Options du compilateur, akwai akwatin da ake ƙara umarni, ka yi masa alama ka rubuta su ciki tun daga -std har -g. A Code::Blocks kuma Settings, Compiler, sai Other compiler options. Mai koyo a waya da Termux, `pkg install clang` ne, kuma clang ya san duk waɗannan. Wani tarko kafin mu wuce, ka tabbata sunan fishiyenka da .c ya ƙare ba .cpp ba, Dev-C++ yana son ajiye shi a .cpp in ba ka kula ba, to a nan C++ kake kwampilewa ba C ba, dokokin sun bambanta, har ma zai ce maka -Wstrict-prototypes ba na C++ ba ne.

Sunan -Wall yana yaudarar mutane, za ka ɗauka duka gargaɗin ne ya kunna amma ba duka ba ne, wani zaɓaɓɓen rukuni ne kawai. Duk da haka shi ne gishirin miyar. Shi ne zai kama fonksiyon da ba a gabatar ba ko da a tsohon gcc:

```
main.c:5:16: warning: implicit declaration of function 'muwayen' [-Wimplicit-function-declaration]
```

Koyi karanta wannan layin ko da turancinka bai yi ƙarfi ba, tsarinsa ɗaya ne kullum. Sunan fishiye, lambar layi, lambar gurbi a cikin layin, sai ko gargaɗi ne ko erar, sai bayani, a ƙarshe kuma sunan makunnin da ya jawo maganar, wato kalmar nan mai farawa da -W. Wannan na ƙarshen shi za ka kwafa ka nema a intanet, ya fi saurin kai ka ga amsa kuma mega ba za ta ƙare a banza ba. Wanda Linux ɗinsa ke faransanci zai iya ganin attention da erreur, in kana son saƙon ya fito da turanci don bincike sa `LC_ALL=C` a gaban gcc.

-Wall ɗin nan ne kuma ke duba printf da scanf. Ka sa %d alhali double ka ba shi, zai faɗa. Ka rubuta `scanf("%d", n)` ka manta & ɗin, zai ce yana jiran `int *` ka ba shi `int`, wannan kuskuren kuwa ba don gargaɗi ba furogaram ne zai mutu maka tsakiyar aiki ba ka san dalili ba. Ka sa %f a scanf don karanta double maimakon %lf, zai kama, kuma wannan yana cin masu lissafin not sosai tunda a printf %f ɗin daidai ne. Ka rubuta `if (not = 10)` da alamar daidai guda ɗaya maimakon biyu, zai ce ka sa baka a kewaye, ma'anarsa anya kwatantawa kake nufi ba ajiyewa ba? Sai kuma `control reaches end of non-void function`, wato ka yi alkawarin dawo da amsa amma akwai hanyar da za a bi a kai ƙarshen fonksiyon babu return, galibi if ne da ba shi da else.

-Wextra yana ƙara wasu. Wanda za ka fi cin karo da shi shi ne `i < strlen(suna)` alhali i int ne, zai ce kana kwatanta mai alama da marar alama. Strlen size_t yake dawowa da shi wanda ba ya zuwa ƙasa da sifili, to sa i ma ya zama size_t, shi kenan. Sai na faramita da ka karɓa ba ka yi amfani da ita ba, in da gangan ne rubuta `(void)x;` a cikin jikin. -Wpedantic kuma yana gaya maka in ka yi amfani da abin da gcc ne kawai ya yarda da shi ba ƙa'idar C ba. -g ba gargaɗi ba ne, don gdb ne, manhajar bin diddigin kuskure, in ka zo amfani da ita.

Sauran biyun su ne suka fi rikita masu farawa kuma a kansu muka fi daɗewa a daren, har shayi na biyu ya huce. -Wstrict-prototypes zai ce maka `function declaration isn't a prototype` kai kuma kana kallon layinka ka ga ai furototif ne:

```c
void gaisuwa();
```

A'a, ba shi ba ne. A C kafin ƙa'idar C23, baka fanko ba ta nufin ba ya karɓar komai, tana nufin ban faɗa maka abin da yake karɓa ba. Gwada da kanka, da -std=c17 ka kira `gaisuwa(1, 2, 3);` a ƙarƙashin wannan layin, gcc zai bar shi ya wuce. In kana nufin babu komai sai ka rubuta `void gaisuwa(void);`, haka ma `int main(void)`. C23 ta gyara wannan, yanzu fanko da void ɗaya ne, kuma gcc 15 na 2025 a kanta yake tashi, amma kai dai ka saba da void ɗinka tunda ba ka san a kan wace ordinata malam zai gwada dabuwar ɗinka ba, kuma void yana aiki ko'ina.

Shi kuma -Wmissing-prototypes cewa yake `no previous prototype for`, kuma yakan fito ne a kan fonksiyon da ka rubuta a saman main a fishiye ɗaya, komai na aiki daidai, sai ka ji haushi ka ce me kuma yake so. Gaskiya ne jikin fonksiyon in ya zo kafin a kira shi ya isa gabatarwa, ba kuskure ka yi ba. Tambayarka yake yi, wannan na gida ne ko na waje? A C duk fonksiyon da ka rubuta ƙofarsa a buɗe take, kowane fishiye zai iya kiran sa. In na waje ne, ina furototif ɗinsa a .h da sauran za su gani? In kuma na cikin gida ne kawai, rufe ƙofar, sa `static` a gabansa, `static int karanta_not(void)`, gargaɗin zai tafi. Ni a ganina wannan makunnin ya fi kowanne koyar da tsari, domin yana tilasta maka ka yi tunani a kan kowane fonksiyon. Main kaɗai aka ɗauke wa wannan.

Akwai erar biyu da ke da alaƙa da wannan da ya kamata ka gane fuskarsu. `conflicting types for 'muwayen'` na fitowa in furototif da jiki ba su yi daidai ba, ko kuma ka kira fonksiyon a main alhali jikinsa na ƙasa babu gabatarwa, kwampilata ya riga ya yi zaton int sai ya iso ƙasa ya tarar da double. Lambar layin da zai nuna ta jikin ce, amma gyaran a sama yake. Ɗayar kuma `expected identifier or '(' before '{' token`, kusan kullum ka kwafo furototif ne don ka yi jiki ka bar aya mai wutsiyar a wurin.

Kar kuma ka haɗa duk wannan da `undefined reference to`. Wannan ba kwampilata ke magana ba, mai ɗinke fishiyoyin ne a ƙarshe, yana cewa an gabatar min da suna amma ban ga mai sunan ba. Ko ka manta lissafi.c a layin umarni, ko ba ka sa shi cikin furojen ba a Code::Blocks, ko ka rubuta sunan da babban harafi a wani wuri. In sqrt ne a Linux, math.h ta ba ka furototif amma jikin yana wani wuri, ƙara `-lm` a ƙarshen layin bayan sunayen fishiye. Wani lokaci `sqrt(16.0)` zai wuce babu -lm amma `sqrt(x)` ya ƙi, saboda na farkon gcc da kansa ya lissafa shi tun wajen kwampilewa.

Ranar farko da ka kunna duk waɗannan a kan tsohon kod ɗinka allon zai cika, kar gabanka ya faɗi. Hau can sama ka ɗauki na farko shi kaɗai, gyara shi, sake kwampilewa. Sau da yawa include ɗaya da aka manta shi ke haifar da layi goma na ƙorafi. Kuma dan Allah kar ka rufe wa gargaɗi baki da kas, wato ka manna `(int)` ko `(char *)` a gaba don kawai ya yi shiru ba tare da ka gane me yake faɗa ba, wannan abin yana damuna ƙwarai don na ga yara masu ƙoƙari sun saba da shi, ciwon yana nan ka dai rufe shi da riga. Haka `-w` ƙarami, shi kashe gargaɗi duka yake yi, in ka gan shi a wani darasi ka cire. Lokaci-lokaci kuma ka kwampile da `-O2`, akwai bariyabul da aka karanta ba a zuba mata komai ba wadda gcc ba ya iya ganowa sai yana wannan zurfin binciken.

Ƙanen nawa ya yi lissafi.h, ya sa include a wurare biyun, ya kwampile, 13.50 ta fito. Amma da makunnan suka kunnu sai ga wasu gargaɗi uku a sauran egzersis ɗinsa, ɗaya %f ne a scanf, biyu kuma static suke nema, ya zauna ya gyara su da kansa batirin na saura kaɗan. Da allon ya koma fes na ce ya ƙara `-Werror`, wanda ke mayar da kowane gargaɗi erar ta yadda furogaram ba zai fito ba sai an gyara. Na sa shi jira har lokacin ne saboda in ka sa shi tun kod na da datti ba abin da zai kwampile sai ka karaya. `-Wshadow` da `-Wconversion` na ce ya bar su tukuna sai ya yi wata guda ko biyu, na biyun yana da yawan magana. Kuma don kar ya riƙa buga dogon layin nan kullum a Linux ɗin da na sa masa gefe, muka buɗe fishiyen .bashrc muka ƙara wannan a ƙasa:

```
alias gc='gcc -std=c17 -Wall -Wextra -Wpedantic -Wstrict-prototypes -Wmissing-prototypes -Werror -g'
```

Rufe taminal ka sake buɗewa, daga nan `gc main.c lissafi.c -o muwayen` kawai za ka riƙa bugawa.